Yadda Za Ka Kwatanta Ma'aikacin Faransa Da Na Amurka Bisa Adalci

Duk lokacin da na ji an ce Faransawa malalata ne, raina yakan sosu, domin ba a yi musu lissafi daidai.

Fara da sa'o'i. A alƙaluman OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ma'aikaci a Faransa yana yin kusan sa'o'i 1,500 a shekara, na Amurka kusan 1,800. Dalilin a fili yake. Tun 2000 doka ta mayar da makon aiki a Faransa sa'o'i 35, ga hutun makonni biyar da albashi tun 1982. A Amurka kuwa babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya ba da hutu mai albashi, ko na kwana ɗaya.

Daga nan ka ɗauki dukiyar da ƙasa ta samar a shekara, ka raba ta da sa'o'in da aka yi aiki, ba da yawan jama'a ba. Za ka ga tazarar da ke tsakanin Faransa da Amurka ta tsuke sosai.

Kada ka tsaya nan, ɗan'uwa. Duba marasa aikin yi. Rabonsu ya fi yawa a Faransa, musamman matasa, kuma ba sa cikin wannan lissafin. Idan masu ƙarancin ƙwarewa suna gida, matsakaicin abin da waɗanda ke bakin aiki suke samarwa a kowace sa'a sai ya tashi.