Yadda ake saka matsalar matasa a wasan talabijin mai waƙe-waƙe

A ɗauki matsala ɗaya tak, kamar cin zali a makaranta ko ciki kafin aure, a shimfiɗa ta cikin kashi uku ko huɗu. Idan ta ɓullo ta warke a zama ɗaya, matasa ba za su yarda ba.

Waƙa ta shigo inda bakin yarinyar ya kasa furta damuwarta, murya ɗaya, kiɗa kaɗan. Kada rawa ta biyo bayan kuka nan take. Kada kuma a nuna dabarar da yaro ya cutar da kansa, domin akwai masu kwaikwaya. A sa lambar wayar masu ba da shawara.

A duba lokaci. A Afrilun 2013 shirin Glee na Amurka ya nuna firgicin harbi a makaranta, wata huɗu bayan kisan da wani ɗan bindiga ya yi a makarantar firamare ta Sandy Hook da ke garin Newtown, wasu iyayen garin suka koka.