Yadda ake gane bulok ɗin inji kafin a sayo kayan gyara

Idan ka sauke inji, kada ka tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen fistin da ringi sai ka karanta abin da ke rubuce a jikin bulok, wato gangar jikin injin da fistin ke zama a ciki. Motocin hayar da ke zirga-zirga tsakanin Katsina, Daura da Jibiya, da wuya ka samu wadda injinta na asali ke ciki. An sha canza musu na Beljiyam, don haka takardar mota ba hujja ba ce, haka ma bakin direba.

Fara da wanki. Kananzir da buroshin waya, har ƙarfe ya fito. Kada ka kusanto da garanda, tana cinye lamba. In rubutun ya dushe, goga alli a kai ka share da yatsa, farin zai maƙale a cikin ramukan. Tocila kuma daga gefe ake haskawa, inuwa ce ke fito da haruffa.

Rubutu iri biyu za ka gani, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Akwai mai tudu, wanda ya fito tare da ƙarfen tun ranar da aka zuba shi. Wannan dangin bulok yake faɗa maka. A Golf 3 za ka ga lamba mai kashi uku, da 103 a tsakiya. Sai dai kamfani kan zuba bulok iri ɗaya ya yi injina daban-daban da shi, shi ya sa mai tudu kaɗai bai isa ba. Na biyun bugawa aka yi a wani ɗan fili mai santsi, shi ne sunan injin da lambarsa: ADZ ko AGG a Golf, 3L ko 5L a Hiace. In ka ga filin nan da sawun gogewa, ko haruffan sun karkace, wani ya taɓa shi. Ka sanar da mai mota tun kafin ka ci gaba.

Sannan awo, domin shi ne mai raba gardama. A ido injinan Hiace 2L da 3L da 5L kamar 'yan uwa ɗaya suke, amma faɗin ramin silinda ya bambanta: milimita 92, da 96, da 99.5. A Golf, mai 1.8 milimita 81 ne, mai 2.0 kuma 82.5. Gasket ɗin ƙaramin rami a kan babba, bakinsa zai leƙo cikin wuta ya ƙone, mota ta dawo tana tafasa ruwa.

Kankare baƙin da ke kan tsohon fistin. In ka ga 0.50, an taɓa yi wa bulok ɗin borin, wato an faɗaɗa ramin silinda, ringin asali zai yi masa kaɗan, ga hayaƙi ga shan baƙin mai.

Akwai kuma ƙananan lambobi da ake bugawa a jere, galibi a ƙasan bulok inda kwanon mai ke zama. Da su da na jikin karanshaf ake zaɓen kaurin metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, muddin ba a taɓa yanke karanshaf ɗin an rage masa kauri ba. In an yanke, sai ma'auni.

Ɗauki hoton kowace lamba da waya, ka haɗa da tsohon fistin guda da tsohon gasket a ba wanda zai tafi Kano.