Yadda ake gyara matsalar saka fulogin da npm a Windows, Mac da Linux

In npm, manhajar da ke sauko maka da fulogin (ƙarin kayan aiki) na JavaScript, ya ƙi saka wani abu, abin da ke kayar da masu koyo shi ne karanta layin ƙarshe na saƙon kuskure. Wannan layin ba abin da yake gaya maka sai inda npm ya ajiye rahotonsa. Ka hau sama, ka nemo layin farko da ya fara kuka. Can ciwon yake.

Da farko buga node -v, don ka ga sigar Node (manhajar da npm ke aiki a kanta) da ke kwamfutarka. Next.js da Gatsby da fulogin ɗinsu kowanne yana da sigar Node da yake so. Ni dai ban yarda a saka Node kai tsaye ba, da nvm, manhajar sarrafa sigogin Node, ake sakawa, don ka sauya siga da umarni ɗaya. Masu Windows nasu daban ne, sunansa nvm-windows.

In ka ga EACCES (kuskuren rashin izini) a Mac ko Linux, kar hannunka ya kai ga sudo, umarnin da ke ba ka ikon root, babban mai kula da kwamfuta. Zai yi aiki yau, gobe fayilolin sun zama mallakin root, kai kuma ka koma baƙo a cikin foldarka. Da nvm wannan matsalar ba ta tasowa ma.

Inda aka fi shan wuya shi ne gyp ERR!, kuma nan na taɓa ɓata kwana biyu. Wasu fulogin ba JavaScript zalla ba ne, akwai C++ a cikinsu. In npm bai samu wanda aka riga aka haɗa don irin kwamfutarka ba, sai node-gyp, mai haɗa wa npm irin wannan C++ ɗin, ya ce bari ya haɗa da kansa. Shi kuwa sai da Python da kayan haɗa C++. A Ubuntu, sudo apt install build-essential, nan kam sudo halas ne. A Mac, xcode-select --install. A Windows sai Visual Studio Build Tools, ka zaɓi Desktop development with C++. Yana cin gigabait da yawa, mai ƙaramar data ya shirya. Bayan ka gama, rufe tagar umarnin ka buɗe sabuwa, in ba haka ba tsohuwar ba za ta ga abin da ka saka ba.

Nawa laifin ma ba wannan ba ne. Python 3.12, wanda ya fito a 2023, ya cire wani ɓangarensa mai suna distutils, tsohon node-gyp kuma yana nemansa. In saƙon ya ambaci distutils, ka sabunta npm ko ka buga pip install setuptools.

Kuma kar ka kwafi node_modules, foldar da npm ke zuba fulogin, daga Windows zuwa sabar Linux don gudun kashe data. Irin su sharp da esbuild kowane tsari da nasa fayil. Goge foldar, ka buga npm ci, ka bar package-lock.json yadda yake.

Sauran masu sauƙi ne. ERESOLVE ya yawaita tun npm 7, yana nufin fulogin ɗin na son wata siga daban ta wani abin da ka saka, misali React. --legacy-peer-deps zai wuce da kai, amma rufa-rufa ce, gara ka nemi sabuwar sigar fulogin ɗin. In abu yana aiki a Windows ya ƙi a Linux da Module not found, duba haruffa: a Linux, Header.js da header.js fayiloli biyu ne. In PowerShell ya ƙi gudanar da npm, Set-ExecutionPolicy RemoteSigned -Scope CurrentUser ya isa.