Yadda ake auna zaren ma'adinai mai kama da asbestos da rarrabe shi

Asbestos ma'adini ne mai zare-zare da aka daɗe ana sawa a kayan gini. Silinsa da ke iya kutsawa har ƙarshen huhu bai kai maikiromita 3 a kauri ba (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin kai kan kai 50 zuwa 100. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin warinsa, sankarar tantanin huhu da yake haddasawa kuma takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Shi ya sa ake dogaro da awo. Sai dai ƙidayar sili kaɗai ba ta isa a yanke hukunci kan haɗari ba. Sai an san wane ma'adini ne, da tsawonsa da kaurinsa.

Matakin farko shi ne ɗaukar samfurin iska. Ana maƙala wa ma'aikaci ɗan famfo a ƙugu, a haɗa shi da bututu zuwa wani ɗan gwangwani da ke ɗauke da matata mai faɗin milimita 25, ramukanta maikiromita 0.8. Gwangwanin zai tsaya kusa da wuyan riga, bakinsa yana kallon ƙasa, don iskar da mutum ke shaƙa ita ake nema. Auna gudun famfon kafin aiki da bayansa, ka rubuta mintunan da ya yi. Ka kuma tafi da aƙalla matata biyu da za a buɗe a rufe ba tare da sun zuƙi iska ba. Su ne shaidarka idan an ce ƙazanta ta shiga a hanya. In kuma samfurin dutse ne ko ƙasa ko kayan gini, jiƙa wurin tukuna, sa takunkumin da ya dace, ka ƙulle samfurin a leda biyu.

A ɗakin gwaje-gwaje ana yanko ɓangaren matatar, a ɗora a gilashi, a busa mata tururin asiton har ta zama garau, sannan a duba ta da maikiroskof mai fito da bambancin haske, wanda ke ƙara girma sau 400 zuwa 500. A cikin idon na'urar akwai da'irar awo ta Walton-Beckett, faɗinta maikiromita 100. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1997 ta ce a ƙirga abin da tsawonsa ya wuce maikiromita 5, kaurinsa bai kai 3 ba, tsawon kuma ya ninka kaurin fiye da sau uku. Silin da ɗaya daga cikin bakunansa biyu kawai ya shiga da'ira rabi ne. Wurin da da'irar ta rufe a kallo ɗaya shi ake kira fili. Ana tsayawa in an kai sili 100 ko fili 100, amma kada a duba ƙasa da fili 20.

Lissafin ba wuya. A ce ka samu sili 100 a fili 100, wato ɗaya a kowane fili. Girman fili murabba'in milimita 0.00785 ne, don haka kana da kusan sili 127 a kowane murabba'in milimita. Ninka da 385, girman wurin da ƙura ta zauna a matatar a murabba'in milimita, ka samu kimanin 49,000. In famfon ya zuƙi lita 2 a minti na awa takwas, lita 960 ke nan, sakamakon ya zama kusan sili 0.05 a kowane sisi (cc, wato mililita ɗaya) na iska. Iyakar Amurka ita ce 0.1 a aikin awa takwas, saboda haka wannan bai kai iyaka ba a can. Tarayyar Turai kuwa ta sauke tata zuwa 0.01 a dokar 2023, ka ga a can ya ninka iyaka sau biyar.

Nan ne mutane da yawa ke naɗe tabarma, nan kuwa aikin ya fara. Wannan maikiroskof ba ya ganin silin da bai kai kusan maikiromita 0.2 a kauri ba, kuma ba ya bambance asbestos da zaren auduga ko na gilashi. Ƙa'idar maikiromita 5 ɗin ma an zaɓe ta ne don masu ƙidaya su riƙa samun amsa iri ɗaya. Sai a koma ga maikiroskof na ilaktoron, wanda ke nuna sinadaran da ke cikin kowane sili da yadda ginin ƙwayoyinsa yake. Dokar Turai ta tilasta komawa gare shi nan da Disamba 2029.

Da shi ake rarrabewa. Asbestos a doka iri shida ne: kirisotayil mai lanƙwasa, farin nan da aka fi amfani da shi, sai biyar na dangin amfibol masu tsaye kamar allura, wato amosayit, kurosidolayit, tiremolayit, aktinolayit da antofilayit. Dukkansu suna haddasa sankara, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Nazarin Hodgson da Darnton na 2000 ya ƙiyasta cewa wajen sankarar tantanin huhu, in kirisotayil 1 ne, amosayit 100 ne, kurosidolayit 500. Amfibol yana daɗewa a huhu ba ya narkewa.

Kada jerin shidan nan ya ruɗe ka, domin jerin abin da aka haƙa aka sayar ne. Eriyonayit, wani ma'adini mai zare, ba ya ciki, amma ya yi ɓarna a ƙauyukan Karain da Tuzköy na Turkiyya, inda aka gina gidaje da dutsen da ke ɗauke da shi. Haka fuloro-edenayit na garin Biancavilla a tsibirin Sisili. A garin Libby na jihar Montana a Amurka, yawancin zaren da ya gurɓata garin winchayit ne da rikterayit. In rahoto ya ce “babu asbestos”, tambayi ɗakin gwajin ko ya nemi waɗannan.

Mafi wuyar mataki shi ne raba zare na gaske da tsagin dutse. Amfibol na iya tsirowa a matsayin zare, yana kuma iya zama dunƙulen dutse da in an niƙa shi yake tsagewa dogo-dogo, ya cika ƙa'idar uku da ɗaya. Zare na gaske yakan zo a dami, bakinsa a warwatse kamar tsintsiya, kaurinsa ƙasa da rabin maikiromita, tsawonsa ya ninka kaurin sau 20 zuwa 100 ko fiye. Sili ɗaya tak ba ya warware gardama, taron sili ake dubawa. Masana har yau suna jayayya kan haɗarin tsagin dutse, masu haƙar ma'adinai suna jan igiya gefe guda, likitocin ma'aikata suna ja ɗaya gefen. A ganina kada mai gwaji ya zubar da komai: ya rubuta tsawo da kaurin kowane sili, ya sa wa wanda yake zargi alama. Wani mai bincike, Stanton, ya nuna a 1981 cewa waɗanda suka wuce maikiromita 8 a tsawo, ba su wuce 0.25 a kauri ba, sun fi haddasa ƙari a jikin dabbobin gwaji, don ƙwayoyin da ke share huhu ba sa iya haɗiye su. Ka ware adadinsu daban.

Daga nan sai ƙiyasin haɗari: ninka yawan sili a sisi da shekarun da mutum ya yi yana shaƙa. Sili 0.05 na shekara 20 ya ba da 1. Rubuta sunan ma'adinin da na'urar da aka yi amfani da ita kusa da wannan adadi, da ko mutumin yana shan taba, domin taba da asbestos suna ninka wa juna haɗarin kansar huhu.