Abinci da maganin gida ga mai ciwon huhu da ya daɗe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hunturu ya kama a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, masu ciwon huhu kuwa su ne suka fi jin jiki.

Duk tarin da ya wuce mako 2, a kai majina asibiti a gwada. In tarin tibi ne, gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wata 6 ake yi ana sha ko da an ji sauƙi. Fitsari zai yi ja, aikin maganin ne.

Ciwon nan rama mutum yake yi, tuwo kaɗai ba zai mayar da jiki ba. A haɗa da wake, ƙwai, kifi, kunun gyaɗa da kwaɗon zogale. In ba ya son ci, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Fura da nono na da kyau, amma a tabbata an tafasa madarar tukuna, don shanu ma suna ɗaukar tibi.

Zuma da citta a ruwan ɗumi suna kwantar da tari, sai dai ba sa kashe ƙwayar cutar. Jaririn da bai shekara ba, kada a ba shi zuma.

Jiƙe-jiƙen saiwoyin da ake tallatawa ranar kasuwa kam, ni ban yarda a haɗa su da maganin asibiti ba. Dama maganin tibi yana wahalar da hanta. Ido ya yi rawaya, a koma wurin likita a ranar.

A raba majinyaci da hayakin murhu da turaren wuta, a buɗe masa taga da rana.