Yadda za ka bi sawun rahoton yankunan da ba su samu mulkin kai ba

A zaman shayi a Mai Wurno ko Gadarif a nan Sudan, da zarar an taɓo rikicin ƙasa sai wani ya ce ai Halayib, da Sudan da Masar ke jayayya a kanta, ita ma tana cikin jerin Majalisar Ɗinkin Duniya na yankunan da ba su samu mulkin kai ba. Ba ta ciki, Abyei da ake jayayya a kanta da Sudan ta Kudu ma haka. Ƙarar Halayib Sudan ta kai ta Kwamitin Sulhu ne tun 1958, wannan kuwa wata ƙofa ce daban. Ga ɗalibin shari'a ko ɗan jarida, ga yadda ake bin lamarin.

Fara da sashe na 73(e) na Yarjejeniyar Majalisar ta 1945. Ya wajabta wa ƙasar da ke riƙe da yanki ta riƙa aika wa Babban Sakatare bayanai kan tattalin arziki, zamantakewa da ilimi. Lura, siyasa ba ta cikin abin da aka lissafa, kuma an bar mata uzurin tsaro da tsarin mulki.

Sai ka duba jerin. Yankuna 17 ne: 10 a hannun Birtaniya, 3 Amurka, 2 Faransa, 1 Niyu Zilan, sai Yammacin Sahara. Takardun duk akwai su da Larabci a shafin Majalisar, mu nan wannan gata ne.

Daga nan nemi takardar aiki da sakatariya ke haɗa wa kowane yanki duk shekara domin Kwamitin 24, wato kwamitin Majalisar mai kula da kawo ƙarshen mulkin mallaka, wanda aka kafa a 1961. Kada ka tsallake ƙananan rubutun ƙasan shafi, nan naman yake. A takardar Fokland za ka ga sunan Malbinas, wanda Ajantina ke kiran tsibiran da shi, a gefensa, da bayanin cewa akwai jayayya tsakanin Ajantina da Birtaniya kan mallakar tsibiran. Birtaniya ce ke aika bayanan domin ita ke gudanar da mulki a can, amma aika rahoto ba takardar mallaka ba ce. Mai noman gona shi ake tambaya buhu nawa aka samu, ko da shari'ar gonar tana gaban alƙali. Haka batun Jibralta yake da Sifaniya.

Yammacin Sahara ne ke rikita masu bincike. Ranar 26 ga Fabrairu 1976 Sifaniya ta sanar da Babban Sakatare cewa ta janye, ta kuma sauke nauyin daga kanta. Maroko na riƙe da mafi yawan yankin, ƙungiyar Polisariyo na neman wa yankin 'yanci, jerin kuma bai ambaci wata ƙasa da ke aika rahoto ba. Don haka kada ka ɓata data kana neman rahoton sashe na 73(e) a kansa.

In wata ƙasa ta ce yankin gidanta ne, rahoto bai hau kanta ba, koma ƙuduri na 1541 na Babban Zauren Majalisar, na Disambar 1960, wanda ya fayyace lokacin da aika rahoto ke zama wajibi. Fotugal ta yi wannan da'awar kan Angola da Mozambik, Babban Zauren ya ƙi karɓa, ya lissafa su cikin ƙuduri na 1542.