Yadda Za Ka Shiga Nijar Da Motarka Ba Tare Da Ka Kwana A Shinge Ba

Mu mutanen Gumel, Maigatari da Ɓaɓura, Nijar kamar gida take a wurinmu. Can muke kai amarya, can muke zuwa gaisuwar mutuwa. Sai dai da zarar ka tsallake iyaka doka ta canza, kuma abin da jandarma zai fara tambaya shi ne takarda.

Saboda haka fara haɗa takardu tun kana gida. Lasisinka ya zama bai ƙare ba, in da hali ka haɗa da na ƙasa da ƙasa da hukumar FRSC ke bayarwa. Takardun mota na asali za ka ɗauka, ban da fotokwafi. In motar ta yayanka ce ko ta maigidanka, ya rubuta maka takardar izini ya sa hannu, don bambancin suna kaɗai ya isa a ajiye ka a gefen hanya har la'asar. Sai fasfo da katin allurar shawara.

Inshora ce wurin da ya fi kama mutane. Ta gida ba ta bin ka ƙetare, shi ya sa aka ƙirƙiro katin Brown Card na ECOWAS a 1982. To, Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kafin ka biya ko sisi, je tasha ka tambayi direbobin da ke shiga Magarya da Damagaram kullum inshorar da ake karɓa yanzu.

Cika tanki tun daga Gumel, amma kada ka loda jarkokin mai a but, kwastam za su ɗauke ka ɗan fasa-ƙwauri. Canza kuɗi zuwa sefa a Maigatari, ka nemi ƙanana. Ka tuna da dala suke lissafi: dala ashirin ita ce sefa 100.

A iyaka, jami'an duwan, wato kwastam ɗin Nijar, za su ba ka takardar shigar da mota ta wucin gadi. Kafin ka ninke ta, duba lambar motarka da ranar ƙarewarta.

Hannun tuƙi ba matsala, hannun dama suke bi kamar mu. Allunan hanya ne da Faransanci. In ka ga "Halte", ko igiya a gicciye tsakanin ganga biyu, tsaya cak ko da ba ka ga kowa ba. Mai shingen yana ƙarƙashin bishiya yana kallonka. Kashe rediyo, sauke gilashi, yi sallama, miƙa takarda da hannun dama. Don Allah ban da gardama, ban da "ai a Najeriya ba haka ake ba". Rasit ɗin kuɗin hanya kuwa adana shi, ana iya neman sa a gaba.

Tuƙin dare ka haƙura da shi. Ban da batun tsaro, amalanken shanu ba ta da fitila, raƙumi kuma ba ya kauce wa hon. Ka tashi bayan asuba, ka tsara yadda magariba za ta same ka a masauki, lambar mai masaukin kuma a rubuce a takarda, don layin wayarka zai iya ɗaukewa bayan ka wuce iyaka.